Waƙar Inna Ta Kai Ostireliya, Sunanta Bai Je Ba

Bana shekara sittin da ɗaya ke nan da maza suka fitar da gawar Inna daga ɗakinta suka nufi bayan gari da ita. Ana tsakiyar yankan gero ne, a ƙauyenmu da ke kan tudun duwatsu kusa da Deule. Ba ita ta haife ni ba, uwar mijina ce. A duk shekarun nan ban taɓa zama na rubuta kalma ɗaya a kanta ba, ko bayan da na shiga yaƙi da jahilci da furfura a kaina, wani malamin boko, irin waɗanda muke ce wa mushe, da bai kai ɗana shekaru ba yana riƙe mini hannu a kan allo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana wata mujalla ce da ta zo gidana daga Ostireliya, ƙasar da ban san da ita a duniya ba sai da jikata ta tafi can karatu. Mujallar ta ɓata mini rai yadda ban yi zaton akwai sauran abin da zai ɓata mini rai a wannan tsufa ba. Amma sai kun san Inna kafin ku gane dalili.

Na san ta tun ina yarinya, shekaru kafin babban yaƙin Nasara, lokacin da ake aike na gidansu niƙa saboda dutsenmu ya sulɓe. Doguwa ce, baƙa, mai kaurin hannu, ba ta dariya sai abin ya isa dariya. A kan dutsen niƙa take tsara waƙarta, numfashinta da tafiyar dutsen suna tafiya tare. Ba maroƙiya ba ce, ba ta taɓa yi wa kowa waƙa don a ba ta wani abu ba. Kuma ba muryarta ake tsoro ba, kunnenta ake tsoro. Inna ta san waƙa yadda mahauci ya san nama. In ta ji baiti sau ɗaya ta san ko mai shi ya yi gumi a kansa ko tsinto shi ya yi a hanya.

Na tuna wata gayya da aka yi a gonar wani maƙwabcinmu. An ɗauko makaɗin noma tun daga wajen Allakaye, yana ta zuba wa mai gona kirari, samari suna ta ihu. Inna ta zo da ƙwaryar fura a ka, ta tsaya a bakin kunya har ya kai ƙarshen baitin. Ba ta ko sauke ƙwaryar ba ta ce, "Kai, mai ganga. Wanga ɗan waƙa na ji shi bara ga bukin Azarori. Sunan wani kac cire kas sa na wanga. Mutum ya tara maka jama'a, ka sa mishi rigar aro gaban ɗiyanai?" Makaɗin ya ce, "Haba uwata, waƙa ai dut waƙa ta." Ta ce, "To je ka yi wa jakinka ita, shi ma ta yi mishi daidai." Har aka tashi gayyar bai sake ɗaga murya yadda ya fara ba.

Ma'auninta ke nan, kuma ba ta da wani. In za ka yi wa mutum waƙa, ka faɗi sunansa, ka faɗi abin da in an ji shi ba za a ce kowa ba ne sai shi. In ba ka iya ba, ka yi shiru ka kama fartanya.

Ga shi kuwa wannan mace mai son a kira kowa da sunansa, akwai suna ɗaya da ba ya fita bakinta. Ɗanta na fari, wanda ya zama mai gidana. Kun san alkunyar ɗan fari yadda take a wurinmu, amma ta Inna ta fi ta kowa tsanani. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ku hwaɗa ma wancan." Da aka kawo ni gidan na tarar da nawa rabon: ba na faɗin sunan miji, ba na faɗin na uwar miji. Ban ɗauke shi nauyi ba. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi, kuma har gobe ina ganin mutunci a cikinsa.

Shekarar da ta biyo bayan aurena, yaƙin Nasara bai ƙare ba tukuna, gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, suka zo bayan girbi suka ɗebi maza bakwai daga ƙauyenmu zuwa aikin tilas, fasa dutse a kan hanyar mota. Mai gidana yana ciki. An ce za su dawo kafin ruwa. Rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwan shuka ya sauka, ba su dawo ba. Mu mata muka yi shuka da tsofaffi. Da aka matsa da tambaya sai manzon mai gari ya zo ya tsaya a dandali ya ce takardar kumandan ta nuna an sallame su tuntuni. In ba su iso gida ba, to sun tsere ƙasar Ingilishi ne, suna Sakkwato suna shan iska. Ma'anar maganar kowa ya gane ta: babu wanda za a tambaya, domin a takarda mutanen ba sa hannun kowa. Mazan da suka rage a gari suka sunkuyar da kai. Ba na zaginsu, sun san abin da bulala take.

Ranar kasuwar Buza Inna ta sa na taya ta ɗora ƙaramin dutsen niƙanta a kan jaki. Ban tambaye ta ba, ba a tambayar Inna. Muka isa da hantsi. Ta wuce rumfunan hatsi, ta wuce masu gishiri, sai da ta kai gindin itacen da gardawa suke ɗaure dawakinsu. Nan ta sauke dutsen, ta durƙusa, ta zuba gero, ta ce in riƙe faifai in tari gari. Sannan ta fara.

Alu na hannunku, ba shi Sakkwato,
Ya bar rijiya rabin gini, guga na jiran shi.
Kadri na hannunku, mai ƙahwa guda gajera,
Ku hwaɗa mini da wace yag gudu.
Nomau na hannunku, mai tsoron kare,
Wa ya raka shi daji har ƙasar Ingilishi?

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da aka san shi da shi, har mutanen kasuwa suka fara dariya suna cewa wallahi Nomau ne, sannan dariyar ta mutu musu a baki. Da ta gama na shida sai ta tsayar da dutsen. Ta ɗaga kai ta kira sunan ɗanta na fari, sunansa na yanka, da ƙarfi, sau uku, a tsakiyar kasuwa.

Ban taɓa jin kasuwa ta yi tsit haka ba. Mata suka rufe baki da gefen zane. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, "Wayyo, ta zautu." Inna ta juya ta ce, "Ban zautu ba, yaya. Takarda ta ce babu shi. Ni na haihe shi, in ban kira shi ba wa za ya kira shi?"

Gardawan sun ɗaure ta a turken doki cikin rana har la'asar, wani gardi ya ɗaga dutsen ya maka a kan wani dutse ya rabe biyu. Amma waƙar ta riga ta fita. Kafin sati biyu ana niƙa da ita har wajen Keita, kowace mace tana sa sunayen nata mutanen. Ba zan yi muku ƙarya in ce waƙar ce ta sako su ba, ban sani ba. Abin da na sani, gero ya kai gwiwa mutum biyar suka shigo gari da tafin hannu a tsattsage, mai gidana a cikinsu. Alu da Kadri ba su dawo ba har yau. Inna ta dubi ɗanta daga nesa ta ce, "Ku ba wancan ruwa." Ba ta sake faɗin sunansa ba har ta koma ga Allah.

To, mu dawo yau.

Shekara bakwai da suka wuce wani Bature ya zo gidana, dogo siriri mai faffaɗar hula, da tafinta ɗan Tawa. An ce masa akwai tsohuwa mai tsofaffin waƙoƙi. Shi mawaƙi ne a ƙasarsu, in ji tafintan, irin masu rubutawa a takarda. Yana da ladabi har ya yi yawa, irin ladabin da ke sa ka rasa inda za ka ajiye mutum. Ya roƙi in yi waƙar a kan dutse don na'urarsa ta ɗauki ƙarar. Ni da rabona da niƙan hannu tun da aka kafa inji a gari, aka tono mini dutse a bayan rumbu, na durƙusa da gwiwoyin da ba sa son durƙuso. Na yi masa waƙar Inna, suna shida. Da na zo na bakwai na rufe bakina, na bar dutsen ya je ya dawo sau uku, na ci gaba. Mijina ne. Ya rasu, amma mijina ne.

Da na gama Baturen ya tambayi wanda ya yi waƙar. Na ce uwar gidan nan ce. Ya ce yaya sunanta. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba ni hwaɗin sunanta." Tafintan ya jefa masa kalma biyu ko uku. Sai na ga Bature ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, ya yi rubutu mai tsawo a littafinsa. Maƙwabtana uku suna zaune a tabarma ɗaya da ni, babu wadda take surukar Inna a cikinsu, kowace za ta iya faɗin sunan ba tare da ta ƙifta ido ba. Bai juya ya tambaye su ba. Tafintan kuwa, ɗan Hausawa da ya san alkunya tun yana cikin zane, agogonsa yake dubawa, yana son su kama hanya kafin rana ta yi.

Na manta da su. Sai bana jikata Hadiza, wadda ta je Ostireliya karatun duwatsu da ma'adinai, ta dawo hutu ta ajiye mini mujalla a cinya. Mai kauri ce, takardarta kamar a yi rufin ɗaki da ita. Ta ce marubutan ƙasar ne suke zuba sababbin labaransu da waƙoƙinsu a ciki, wasu kuma su yi sharhi a kan na wasu. Ta buɗe wani shafi, sai ga hannuwana a kan dutse. Hannuwa kawai, an yanke kaina.

Na ce ba za ta fara da wannan shafin ba. Ta fara daga farko ta fassara mini duka, in san irin gidan da aka kai waƙar Inna aure. Kwana shida muka yi muna zama bayan azahar.

Jama'a, na ji abu. Labari na farko wani mutum ne matarsa ta tafi, yana tsaye a taga yana kallon teku. Shafi goma sha biyu yana kallon teku. Na ce, "To ya bi ta biko?" Hadiza ta ce a'a. "Ya sake ta?" A'a. "Ya faɗa tekun?" Ta ce, "Kaka, ba a nan abin yake ba, abin yana cikin zuciyarsa." Na ce to ya bar shi can, me ya fito da mu rana? Na biyu wata ce ta koma gidan da aka haife ta, ta tarar an sayar, ta zauna a mota ta tuna ƙamshin wani itace. Na uku ma wani ne ya tuna wani abu. Mutanen nan suna da ƙasa mai faɗi, an ce gobarar daji tana cin garuruwansu, fari yana kashe musu tumaki, amma in sun zauna rubutu sai su rubuta yadda suka ji a ransu da suka ga labarin a talabijin.

Waƙoƙin kuwa babu amshi, babu inda za ka sa ƙafa. Kalma uku, sai fili, sai kalma ɗaya can gefe kamar akuyar da ta ɓace wa garke. Masu sharhin su ne suka fi ba ni mamaki. Wannan ya yabi littafin wancan, ka juya shafi ka tarar wancan yana yabon na wannan. In za su soki mutum sai sun yi ta kewaye-kewaye har ka rasa ko suka ce ko gaisuwa. Na tuna Inna da ƙwaryar fura a ka, jimla uku ta gama da makaɗi. Da an ba ta mujallar nan da ba ta kai la'asar ba.

Kada in yi zalunci. Akwai waƙa ɗaya da ta sa na ce Hadiza ta maimaita. Wata mace ce daga mutanen asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can. Ta jera sunayen rafuka da tuddan da aka kori kakanninta daga cikinsu, kowane da sunansa na harshensu, kowane da abin da ake ci a wurin. Ban san wuri ɗaya a ciki ba, amma na san waƙa ce. Wannan da Inna ta matsa mata ta zauna a tabarmarta.

Sannan muka zo kan tamu. Baturen ya rubuta a sama cewa ya gina waƙarsa a kan waƙar niƙa ta wata mace marar suna daga bakin hamada. Hadiza ta karanta, ina jira in ji Alu. Babu Alu. Babu rijiyarsa, babu guga. Babu Kadri da gajeruwar ƙafarsa, babu Nomau da karensa. Akwai iska, akwai dutse mai haƙuri, akwai wasu da suka tafi kamar tsuntsaye. Tsuntsaye! Mutanen da aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka kora da bulala. Ya kwashe sunayen duka, wai don waƙar ta zama ta duk wanda ya taɓa rashi a duniya. Abin da Inna ta kunyata makaɗin Allakaye a kansa, shi wannan ya yi, ya ƙetare teku da shi, aka tafa masa.

Bayan waƙar sai sharhin wani malamin jami'a, shafi tara. Ya ce a wurin mutanenmu waƙa ba ta da mai ita, ta jama'a ce kamar ruwan tafki, ba mu san girman kai irin na marubuci ba. Ya ce mawaƙin ya ba shi kaset ya saurara, kuma abin da ya fi girgiza shi wani shiru ne a kusa da ƙarshe, inda murya ta ɗauke dutse ya ci gaba shi kaɗai. Shafi uku ya yi a kan wannan shirun. Wai shirun hamada ne. Wai nan ne harshe ya gaza ɗaukar baƙin ciki. Wai mawaƙan ƙasarsu su zo su koyi yin shiru daga wurinmu.

Na yi dariya har na ƙware, Hadiza tana bubbuga mini baya. Na ce, "Ke, wanga shirun kakanki na. Sunan kakanki na ni ƙi hwaɗi." Malami da digirinsa ya hau kan kunyar tsohuwa ya yi huɗuba.

Hadiza ta so ta kare su. Ta ce a can, wasu daga mutanen asalin ƙasar ba sa kiran sunan mamacinsu, kuma an koya wa Turawan wurin su girmama haka. Da na ce ba na faɗin sunan, sai Baturen ya ɗauka irin tasu ce, ya ga rashin ladabi ne ya matsa. Na ji. Amma wannan bai wanke shi a wurina ba, ƙara masa ya yi. Ya ɗauko al'adar wasu mutane daga ƙarshen duniya ya kifa mana, don a idonsa duk baƙin mutum mai tsohuwar waƙa ɗaya ne. Tambaya ɗaya ta rage masa: don me? Mutumin da ya yi tafiyar kwana da kwanaki don ya ji waƙa, ya kasa juya wuyansa ya tambayi matar da ke kusa da ni. Ba ladabi ba ne, ƙyuya ce ta yi wanka. Labarin mace marar suna ya fi masa daɗi, shi ya sa ya tsaya a nan.

Na kwana biyu ina zaginsu, shi da malaminsa da tafintansa. Rana ta uku zagin ya ƙare, ya bar ni da abin da nake gudu. Ba Bature ne ya hana sunan ba. Ni ce. Ya tambaya, na ƙi. Ramin da malamin ya faɗa, ni na haƙa shi a tsakiyar waƙar, daidai wurin da Inna ta sha rana a turken doki don ta cike shi. Ita ta ajiye kunyar ɗan fari a gaban kasuwa guda saboda takarda ta ce babu shi. Ni kuma takarda ta zo har gida tana tambayar ko akwai ta, na sunkuyar da kai ina jin ni mai tarbiyya ce.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Hadiza ta ce an sanar a bayan mujallar cewa Baturen zai tara waƙoƙinsa a littafi, wannan ce za ta buɗe shi. In ya fito haka, shi ke nan. Masu niƙa da waƙar sun ƙare, inji ba ya waƙa. Cikin maƙwabtan nan uku, biyu sun rasu. Nan da ƴan shekaru abin da zai rage na Inna a duniya shi ne wancan shafi, mace marar suna da tsuntsayenta.

Na ce zan rubuta a jarida, Hadiza ta juya shi zuwa harshensu ta aika wa masu mujallar. Ɗiyata Uwani, uwar Hadiza, ta ji. Ita aka haifa wata biyu bayan rasuwar Inna aka mayar mata da sunan, shi ya sa muke ce mata Uwani, shekara sittin da ɗaya ban kira ta da sunanta na yanka ba. Ta zo ta tsaya mini a ƙofa ta ce, "Hajiya, da girmanki? Sunan uwar mijinki cikin jarida, a karanta a rumfar shayi, a ƙunsa ƙosai da shi? Mi mutanen Deule za su ce?" Na ce za su ce tsohuwa ta zautu, an taɓa faɗin haka a gidan nan. Hadiza ta ce, "Kaka, to ki bari ni in rubuta musu sunan mana. Ni ba surukata ba ce, ba sai kin sa hannu ba." Na ce, "Ke kika yi waƙar a kaset? Muryar wa ta ce ba ta hwaɗi? Ranar kasuwar Buza akwai mata ɗari da za su iya kiran sunan kakanki ba kunya. Ba ta aiki kowa ba."

Uwani ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni da kyau ba. Ban ga laifinta ba, ni na koya mata. Kuma kada wani ya ce mini rubutu daban faɗi daban, wai hannu ne ya yi ba baki ba. Ban shiga makaranta da tsufa don in yi wa kaina wayo ba. Na san abin da nake yi, kuma tun da na fara shafin nan gumi yake keto mini.

Me ya rage na Inna bayan shekara sittin da ɗaya? Rabin dutsen nan da gardi ya fasa yana nan, da shi muke tokare ƙofar rumbu. Rijiyar Alu wasu sun ƙarasa ta, yara suna sha ba su san wa ya fara ba. Kunnenta ya rage kaɗan a kaina, shi ya hana ni jin daɗin yawancin abin da ake rerawa a rediyo, shi kuma ya hana ni yin shiru a kan mujallar Ostireliya. Ban gaji muryarta ba, ban gaji ƙarfin zuciyarta ba, sai da na kai tamanin na yi abin da ta yi da sauran ƙarfinta. Inna, ki yafe mini sau biyu: da na ƙi, da kuma yanzu da zan faɗa.

Kai Baturen mai faffaɗar hula, da kai malamin shiru, ku buɗe littattafanku. Waƙar tana da mai ita. Sunanta Tsahara ɗiyar Barmo, ta ƙauyen tudu kusa da Deule, matar manomi, uwar ƴaƴa biyar. Ita ta tsara ta, ita ta sha rana a kanta. Ku mayar da Alu da rijiyarsa, ku mayar da Kadri da ƙafarsa, ku mayar da Nomau da Bawa da Salau da Ɗan Tani. In bakinku ba zai iya ba, ku koya, mu ma mun koyi faɗin Ostireliya.

Wurin nan kuma da dutse ya je ya dawo sau uku babu murya, ba hamada ba ce. Mutum ne, yana da tsattsagen tafin hannu, ya yi shekara arba'in yana ci daga tukunyata. Ku goge shafi ukun nan ku rubuta abin da uwarsa ta ce a wurin.

Illiyasu. Illiyasu. Illiyasu.